SAMARIN ZAKARU A TSAKAR GIDA

 Yau za mu bar manyan al'amura mu leƙa akurki. Kada wani ya ce malam ya rasa abin faɗi. Duk wanda ya zauna gidan haya a Aboabo ko Asawase, inda iyali 8 ko 10 ke tarayya a tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, ya san zakara guda ya isa ya raba maƙwabtan da suka shekara 20 suna cin tuwo tare. Yau ya sari yaron wani, gobe ya fige kazar wata, jibi mata sun daina gaisawa, gata magana ta kai gaban mai unguwa.

Abin da mu ke so mu faɗa guda ɗaya ne. Faɗan samarin zakaru yawansu ne ke kawo shi, maganinsa kuwa a rage su tun ba su kai wata 5 ba. Duka da zagi da ɗauri ba su taɓa gyara zakara ba.

YADDA ABIN KE FARAWA

Kaza ta yi kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki 10. Bisa yadda Allah ya tsara, kusan rabi maza ne, rabi mata. A ce shaho da muzuru da sanyin hunturu sun ɗauki rabonsu, 8 suka rayu. To, ga maza 4 ke nan. In kaji 3 suka yi haka a gida ɗaya, sai a wayi gari da samari 12. Sa'ad da su ke ƙanana ba mai damuwa da su, yara na ɗaukarsu, ana watsa musu tsaba ana murna dukiya ta ƙaru. Da sun yi wata 2 zankon namiji ya fara ja, ya fi na 'yar'uwarsa girma, mai lura ya iya gane shi. Tsakanin wata 4 da 5 sai ya fara gwada cara da wata shaƙaƙƙiyar murya, yara su yi ta dariya. Kafin ya cika wata 6 ya balaga, daga nan kuwa halinsa ya sake sarai.

Kaji halitta ce mai zama bisa muƙami. Akwai babba, akwai na biye, har zuwa na ƙarshe wanda kowa ke sara shi kuwa ba ya saran kowa. Iyayenmu mata sun san wannan tun fil azal, ko da ya ke wani masani mutumin ƙasar Norwe shi ya fara buga bayaninsa a rubuce a shekarar 1922. Har ga cara akwai tsari. Masu bincike a Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan sun nuna a 2013 zakara na da agogo a jikinsa, ko an ajiye shi inda ba ya ganin fitowar rana zai yi cara a kan lokacinta. A 2015 kuma suka nuna babban zakara shi ke fara cara da asuba, saura su bi shi bisa muƙaminsu, in aka ɗauke shi sai na biyu ya gaji wurin. Sabo da haka wanda ya ke so ya san sarkin akurkinsa, ya kasa kunne kafin kiran salla, muryar da ya fara ji ita ce.

To, kowane saurayin zakara wannan sarauta ya ke nema. In fili na da faɗi, kamar a ƙauye, wanda aka kayar ya kan gudu bayan rumbu ya fake, faɗa ya mutu. Amma tsakar gidan zongo siminti ne da bango huɗu da ƙofa ɗaya. Wanda aka kayar ba shi da wurin zuwa, kullum yana gaban wanda ya kayar da shi, don haka faɗan yau ba ya ƙarewa sai ya haɗu da na gobe.

HASARA IRI UKU

Ta fari a kan kaji mata ta ke. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. In kuwa samari 5 ne a kan kaji 6, wannan ya sauka wancan ya hau, sai ka ga bayan kaza ya zama tsirara, gashin ƙeyarta ya ƙare, tana tsoron zuwa wurin abinci. Kazar da ta wuni tana gudu ba ta yin ƙwai kamar yadda ya kamata. Abin mamaki kuma, yawan zakaru ba ya ƙara yawan 'yan tsaki, gama kowanne na ture ɗan'uwansa kafin barbara ta cika, ranar ƙyanƙyasa a tarar da baragurbi.

Ta biyu a kan aljihu ta ke, 'yan kasuwa sai ku ɗauki alƙalami. Babban zakara in an tsare shi ana ba shi abinci ya kan ci kusan giram 100 a yini. Zakaru 5 a wata ɗaya kilo 15 ke nan na masara da dusa. Bayan wata 6 girmansa ya ragu ƙwarai, abin da ya ci yawanci a kan faɗa da cara ya ke ƙonewa, namansa kuma yana ƙara tauri. Wanda ya tsage zanko ko ya rasa ido ɗaya, in ka kai shi kasuwa mai saye zai juya shi ya raina masa kuɗi. Wane ɗan goro ne zai ga huhunsa ya fara ɓaci ya ci gaba da biyan kuɗin ajiya?

Ta uku ita ce mai nauyi, ita ce kuma ta sa muka ɗauki alƙalami. Zakaran da ya saba da faɗa ya kan juyo kan mutane, ba ya kuwa zaɓen kowa sai ƙaramin yaro. Babban mutum a ƙauri za a same shi, amma yaro mai rarrafe ko mai shekara 2 fuskarsa daidai ta ke da tsallen zakara. Bakinsa na da kaifi, ga kuma ƙayar nan da ke tsiro masa a bayan ƙafa, wadda ke ƙara tsawo da tsini yana ƙara shekaru. Mu da ke zaune da yara a makaranta safe da yamma mun sha ganin tabon da ya tsaya dab da ido, tsakaninsa da makanta bai kai faɗin yatsa ba. Zakaran da zai sayu a kasuwa gobe da safe bai kai a yi cacar idon yaro a kansa ba.

ABIN DA ZA A YI

Na fari, a riƙa rubuta ranar ƙyanƙyasa. Da ajami ko da boko, a littafin ciniki ko a bangon akurki da gawayi, duk ɗaya ne. Wanda bai san shekarun dabbarsa ba, sai ta fara ɓarna ya ke farga. In an rubuta, da sun cika wata 3 mai gida ya san lokacin ware maza ya yi.

Na biyu, a ware su inda ba sa ganin mata. Samarin da suka tashi tare, in ba kaza a gabansu, faɗansu kaɗan ne, 'yar hayaniya ce ta kwana 2 su shirya. Amma a kange da langalanga ko buhu, don in waya ce kaɗai tsakaninsu suna hangen kaji, aikin banza aka yi. Kada a cusa su. Ɗaki mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 6 bai kamata ya ɗauki fiye da 9 ba, wannan ma na kwana ne, da rana suna bukatar fili. A sa kaskon ruwa 2 da wurin abinci 2 nesa da juna, don babba ba ya iya tsare biyu a lokaci ɗaya. A gicciya sanduna na hawa, a jingina wani tsohon katako a bango inda wanda aka kora zai shige ya huta.

Na uku, a zaɓi wanda za a bari. Yawancinmu mun fi son ƙato mai jan wuya da ƙarfin cara, amma ba a nan alherin ya ke ba. Ku zauna ku duba su lokacin cin abinci. Zakaran kirki in ya tsinci ƙwaro ko tsaba sai ya yi ƙyat-ƙyat ya kira mata, ya ja da baya su ci. In inuwar shaho ta gifta shi ke fara kururuwa. In mutum ya nufo shi ya kauce ya ba da hanya. Wannan shi ne na ajiyewa. Wanda ya taɓa tasam ma mutum kuwa kada a bar shi ya yi iri, ko da ya fi kowa kyau, gama zafin rai na bin jini, 'ya'yansa da yawa za su biyo shi.

Na huɗu, saura a fid da su tsakanin wata 4 da 6. Mai dabara ya kan daidaita kwancin kazarsa da kasuwa. 'Yan tsakin da aka ƙyanƙyashe a watan Yuli sun isa sayarwa a Disamba, lokacin da maƙwabtanmu Kirista ke neman kaji na Kirsimeti, kowa kuwa ya san yadda kasuwar kaji ke tashi a Kumasi a wannan mako. Haka kuma Ista da Ƙaramar Salla. Wanda bai sayu ba, ga baƙo, ga mai jego, ga marar lafiya mai bukatar romo. Zakara dai ba ya isa layya, ba ya kuma isa yankan suna, amma yana isa sadaka, har da wadda iyaye kan yi in yaro ya ci gaba a allonsa. Kada dai a ce malam na gyara wa kansa hanya. In yara sun yi kuka sun ce sun saba da shi, a lallashe su, amma sabo da kaza ba ya hana yanka ta. A wasa wuƙa sosai, kada a wasa ta a gabansa, kada kuma a yanka shi 'yan'uwansa na kallo. Kyautata yanka umurni ne da ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito.

SHAWARA GA GIDAJEN HAYA

Ga inda namu ya bambanta da na mutumin ƙauye. A gidan haya kowane ɗaki na da kaji 2 ko 3, kowane ɗaki kuma na so ya riƙe zakaransa. Ɗaki 6, kaji 14, zakaru 6. Kowa in ya duba nasa sai ya ga ɗaya tak ya ke da shi, ba shi da laifi. Amma kaji ba su san lambar ɗaki ba, su a wurinsu garke ɗaya ne. Ƙidayar da za a yi ta gida duka ce.

Shawararmu ita ce mai gida, ko dattijon da ya fi daɗewa a gidan, ya tara masu kaji bayan sallar La'asar, a ƙidaya mata, a bar zakara ɗaya ga kowane 10. A misalin nan namu ɗaya ya isa, in an yi yawa 2. Mai zakaran da aka bari, saura su riƙa taimaka masa da dusa, ko duk wadda kazarta ta ƙyanƙyashe ta ba shi ɗan tsako guda. Kada kowa ya ji tsoron kazarsa za ta rasa rabo. Kaza na yin ƙwai ko ba zakara, sai dai ƙwan ba ya ƙyanƙyasuwa. In kuwa an yi mata barbara sau ɗaya, ƙwan da za ta yi har kwana 10 ko fiye yana iya zama ɗan tsako.

Bayan shekara ɗaya ko 2 a sake zakaran, don kada ya yi ta hawan 'ya'yansa iri ya lalace. A yi musaya da wani gida na nesa. Sai dai baƙon zakara kada a sake shi cikin kaji ranar da ya zo, a tsare shi shi kaɗai mako 2 a ga lafiyarsa. Murar tsuntsaye ta shigo Gana a 2007, ta komo a 2015 da 2021, ga kuma annobar nan ta kowace shekara mai share akurki da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Suna da ɗigon rigakafinta da a ke sa wa kaza a ido, ana maimaitawa bayan wata 4. A kuma fid da tsohon zakara kafin a saki sabo, in ba haka ba an ɗaura sabon yaƙi.

IN ZAKARA YA FARA BIN MUTANE

Yana da alamu kafin ya kai hari. Zai sauke fiffike ɗaya ƙasa, ya riƙa matsowa a karkace, gashin wuyansa ya tashi, yana yi kamar mai tsintar tsaba alhali idonsa na kanka. In ka gudu ya ɗauka ya ci nasara, gobe ya ƙara. In ka shure shi ya ɗauka abokin faɗa ya samu, gobe ma ya ƙara, wataƙila kuma ka karya masa ƙashi. Abin yi, ka tsaya cik, ka tare shi da faifai ko tsintsiya, ka taka a hankali ka nufe shi har ya ba ka hanya. A hana yara binsa da gudu, a hana su ba shi abinci a tafin hannu, gama zakaran da aka yi wasa da shi tun yana tsako shi ne ba ya jin kwarjinin mutum in ya girma.

In za a kama shi a bari sai dare ya hau sanda, a lokacin ba ya gani sosai, a danne fikafikansa a jikinsa a rungume shi a hammata. Ƙayar ƙafar tasa ana iya dakushe tsininta da magagari, amma tsinin kaɗai, gama cikinta akwai ƙashi da jini. Wasu kan tambaye mu zancen fiɗiya. Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta a yi wa tumaki da awaki don gyaran nama, amma marenan zakara a can cikin jiki su ke kusa da ƙashin baya, sai an tsaga tsakanin haƙarƙari. Wanda ba gwani ba kashe shi zai yi bayan azaba. Mu dai ba mu ba kowa shawarar gwadawa ba.

Wanda aka ji wa rauni cikin zakaru a raba shi da saura nan da nan, a wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, don kaji in sun ga jan jini ba sa barin sara. In kuwa yaro ne aka huda, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko man shanu. Ramin ƙaya ƙarami ne a baki amma yana da zurfi, ƙafar zakara kuwa a cikin ƙazanta ta ke wuni. Likita ne zai duba ko yaron na bukatar allurar tetanos, cutar nan mai sandare jiki da sarƙe haƙora. In a ido ne, ko minti ɗaya kada a jira. Zakaran da ya fid da jinin yaro kuma kada ya sake kwana a sake. Dabarun nan da muka lissafa na babban mutum ne, yaro mai shekara 2 ba ya iya riƙe faifai.

ABIN DA ADDINI YA CE

Abu uku za mu tunatar. Na fari, mun ga yara a bayan makarantu da bakin kwata suna haɗa zakaru faɗa, suna kewaye su suna ihu, wani lokaci har manyan samari na aza kuɗi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hani ga zuga dabbobi su yi faɗa da juna. In kuɗi ya shiga kuma ya zama caca, laifi biyu ke nan. Dattijon da ya wuce ya gani ya yi shiru, da shi aka yi. Zakaran da aka koya wa faɗa a waje kuwa gida zai komo da shi.

Na biyu, ban da zalunci. Ɗaure zakara da siririn zare a ƙafa, a bar shi cikin rana ba ruwa har ƙafar ta kumbura, ko a kifa masa kwando kwana da kwanaki a manta da shi, wannan alhaki ne. Ko zaginsa an hana, Abu Dawuda ya ruwaito haka, dalili kuwa shi ne yana ta da mutane salla. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito a roƙi Allah falalarsa in an ji cara. Dabbar da ke da wannan daraja, ko dai a riƙe ta da kyau ko a yanka ta da kyau.

Na uku, haƙƙin maƙwabci. A littattafanmu na Malikiyya, kamar Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ya ajiye kare mai cizo, aka yi masa gargaɗi bai ɗauki mataki ba, in karen ya yi ɓarna shi ke da lamuni. Haka mai bangon da ya karkata aka faɗa masa ya ƙyale har ya faɗa wa wani. Ba mu ce zakara kare ne ba, hukunci kuma na alƙali ne, amma mai hankali ya ga inda maganar ta dosa. Ranar da maƙwabciya ta ce maka, "Malam, zakaranka na bin yarana," daga ranar an yi maka gargaɗi. Amsar da ta dace ita ce ka ba ta haƙuri ka kama shi a daren. Cewa "ai dabba ce, ta san me?" ba hujja ba ce, gama dabbar ba ta sani ba, amma mai ita ya sani. In an riga an yi rauni, ka biya kuɗin magani tun ba a tambaye ka ba, ka je da ƙafarka ka duba yaron.

Mun san akwai masu karatu da tun daga farko su ke murmushi, suna cewa malam da samarin zongo ya ke, ya fake da zakaru. A'a, jama'a. Ɗan Adam ana zaunar da shi a yi masa nasiha, ya ji ko ba yau ba, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Zancensu na nan tafe a wata fitowa. Zakara shi ba ya karatu, ba ya jin wa'azi, abin da aka halicce shi a kai shi ya ke yi. Hankalin da ba shi da shi, mai shi aka ba.

Sabo da haka yau in an sauko daga Magariba, kowa ya ɗauki tocila ya leƙa akurkinsa, ya ƙidaya mata, ya ƙidaya maza. In maza sun wuce ɗaya cikin 10, ya san abin da zai kai kasuwa wannan mako. Allah ya sa albarka a dukiyarmu, ya tsare mana 'ya'yanmu, ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.